Wa Za Mu Ɗora a Kan Kujerar Hanya da Tasha?

Zuwa ga 'yan'uwanmu na rassan Matamaye, da Kance, da Ɗan Barto, da Dungu, da Kurni, da Tsauni, da Yawuri, da Ishirnawa, da Daushe, da sauran garuruwan kasuwa na jihar Damagaram.

Maganar da muka ɗauko muku a wannan fitowa ita ce ta hanya da mota da tasha, da mutumin da ya kamata ya zauna a majalisa ya riƙa magana a kansu da bakinmu. Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, ana batun ƙasa baki ɗaya wa zai tsaya batun tasha? To, mai faɗin haka bai taɓa ɗora buhun wake a mota ba. Manomin da ya sare rakensa a fadamar Dungu ya san kuɗin mota ake fara cirewa kafin ya ga ko dala. Matar da ke saro gishiri da kalanzir ta san in kuɗin mota ya hau, kwanon da za ta auna wa maƙwabciyarta shi ma ya hau. Mai haƙuri da naƙuda ta tsananta mata cikin dare, tsakaninta da likita hanya ce. Watau dai a garin kasuwa kome da kome ta kan taya yake shigowa, ta kan taya yake fita.

Ku duba yadda lissafin yake. Direba ba ya biyan kome daga aljihunsa. In hanya ta lalace ta cinye masa taya, a kan buhu zai ɗora. In ya tsaya a shinge biyar, a ce kowane shinge ya ajiye jika guda, jika biyar ke nan, kuma a kan buhu zai ɗora. Ɗan kasuwar da ya zo sayen waken ya riga ya san wannan, saboda haka tun a gindin sikeli yake rage wa manomi. Ashe ramin da ke tsakiyar hanya, wanda manomi bai haƙa ba, shi ne yake biyansa kowace kaka.

Mun sani sarai halin da ake ciki. An zaɓi majalisun garuruwa a 2004, aka zaɓi na jihohi karo na farko a Janairu 2011, aka sake zaɓen duka biyu ran 13 ga Disamba 2020. Dokar da aka yi a 2010 ta ba majalisar gari hannu a kan kasuwa da tasha, ta ba majalisar jiha hannu a kan tsarin raya jiha da hanyoyinta. A Afrilu 2024 hukumar soja ta rushe majalisun nan ta naɗa masu riƙo, a Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyu, aka ɗibar wa mulkin riƙo shekara 5. Duk da haka hanya tana nan inda take, damina kuma ba ta fasa cinta ba. Ranar da za a sake kafa akwati tana tafe, kuma ba a fafe gora ran tafiya. In muka bari sai an buga gangar zaɓe sa'an nan mu fara tunanin wanda za mu tura, to, masu kuɗi sun riga sun zaɓa mana.

DA WUYAN WA AKA YI HANYA?

Kafin mu yi batun gaba, bari mu waiwaya. Hanyoyin farko da mota ta bi a ƙasar nan da aikin dole aka yi su. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, mai gari ya fid da mutane, su bar gonakinsu su tafi sarar itace da ɗaukar marmara a ka, ba ko anini. Ba a soke wannan ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny. Wuyan kakanninmu ne ya yi hanya, amma ba wanda ya tambaye su inda za ta bi. Ta bi inda bariki yake, da inda sikelin kamfani yake.

Dogo ya iso Kano a 1911. Tun daga nan ƙasar Hausa ta juya ga gyaɗa, Kance da Matamaye da Magarya kuwa suka zama cikin manyan rumbunanta a Nijar. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suna saye a kaka, raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, suna kwasa zuwa Kano, jirgi ya kai Ikko. Har masana'antar matsar man gyaɗa aka kafa a nan Matamaye, kamar yadda aka yi a Maraɗi da Magarya. Tsakaninmu da Kano wajen kilomita 200 ne. Kowa ya san nan ce ƙofarmu tun zamanin ayari.

Sai ga shi daga 1953 Faransawa sun fito da wani tsari da suka sa wa suna Hirondelle, watau tsattsewa. Manufarsa a karkatar da kayan Nijar su bar hanyar Ingilishi su bi ta Dahome: mota ta sauka da gyaɗa zuwa Faraku, jirgi ya kai ta Kwatano, motar ta komo da kayan kanti. Dalilinsu shi ne kuɗin dako ya tsaya cikin faran kada ya tafi ga fam, ga kuma gyaɗa da ke jibge a Kano tana jiran wagunu. Da yake hanyar ta fi tsada, sai aka kafa asusu ana cike gibin. Daga ƙasarmu sai mota ta yi fiye da kilomita 1000 kafin ta ga dogon Faraku, shi ya sa gyaɗar gabas da yawa ta ci gaba da bin Kano. Abin da muke so ku lura da shi a nan shi ne wannan: an yanke shawarar inda arzikin manomi zai bi, da abin da za a kashe a kansa, a ofisoshin Yamai da Dakar da Faris, ba manomi ko ɗaya a ɗakin.

ZAƁEN 1957

Ran 23 ga Yuni 1956 aka yi dokar da ake kira ta Defferre. Ita ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace, ta haɗa akwatin Bature da na baƙar fata ya zama ɗaya. Majalisar ƙasa, mai kujera 60, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, cikinsa har da kuɗin hanya da gada. Karo na farko ke nan da talakan Kance ya sami damar tura wanda zai ce a gyara nan kafin can.

Jam'iyyu biyu suka kara: ta giwa, watau RDA ta Diori Hamani da Bubu Hama, da ta raƙumi, watau MSA ta Jibo Bakari, wadda jama'a suka sa wa suna Sawaba. Jibo malamin makaranta ne da ya koma jagoran ƙungiyar ma'aikata. Ƙarfinsa na asali yana wurin ƙananan mutanen gari: direbobi, da yaran mota, da 'yan dako, da teloli, da mahauta, da 'yan tireda. Ba su da gidan rediyo, ba su da motar gwamnati. Saƙo a bakin direba yake tafiya, takarda a aljihun yaron mota, daga tasha zuwa tasha, daga kasuwa zuwa kasuwa. Motar da ta kai gyaɗa Kano takan komo da labarin NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, wadda ita ma kukan talaka take yi. Da aka kaɗa ƙuri'a ran 31 ga Maris 1957, raƙumi ya sami kujera 41, giwa 19, Jibo ya kafa gwamnatin farko ta 'yan ƙasa a watan Mayu.

Amma kujerun nan 41 ba duka na 'yan tasha ba ne. A ƙarshen 1956 Jibo ya haɗe da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna da yawa ke ciki, ƙuri'un ƙauyuka da yawa kuwa ta hannun sarakuna suka shigo. Da Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce "A'a", a ba mu mulkin kai yanzu. Faransa ta aiko sabon gwamna, Colombani, kumandodi suka fito fili suna yi wa "I" aiki. Waɗanda suka shigo ta ƙofar sarauta suka fice ta inda suka shigo. "I" ta ci da wajen kashi 78 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, mafi yawan masu rajista kuwa ba su ma fito ba. Gwamnatin Jibo ta faɗi. A zaɓen 14 ga Disamba 1958 Sawaba ta ci kujerun Damagaram, aka soke sakamakon. A Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar ɗungum.

Darasi biyu muka ɗauka daga nan. Na ɗaya, mutanen tasha da kasuwa suna iya cin zaɓe in sun haɗa kai, ko da ba su da kuɗi, gama sun taɓa yi. Na biyu, kujerar da aka ci da aron ƙuri'a ba taka ba ce. Ranar da mai aron ya buƙaci kayansa sai ka sauka. Ɗan takarar da wani babba ya kawo, wannan babban zai yi wa biyayya ranar da aka zo rabon kuɗin hanya.

BAYAN MULKIN KAI

Aka sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. Ba mu hana gaskiya ba, an yi ayyuka. An kafa OCDN a 1959 don haɗa jigilar Nijar da Dahome, aka kafa SONARA a 1962 ta karɓi cinikin gyaɗa, aka kafa SNTN a 1963 ta zama kamfanin sufuri na ƙasa. Daga baya aka shimfiɗa kwalta a babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, wadda muke hawa a Takeita. Ƙasar Kance ma ba ta rasa ɗan gida a sama ba, gama Sarkin Kance Amadu Isaka ya yi shekaru yana minista a gwamnatin Diori. Sai dai shugabannin kamfanonin nan duka naɗa su ake yi, zaɓen 1965 da na 1970 kuwa jeri ɗaya na jam'iyya ɗaya aka kawo. Samun ɗan gida a Yamai abin alfahari ne, amma talaka ba ya iya tsare minista a bakin kasuwa ya tambaye shi lissafin kuɗin tasha. Kansilan da ka zaɓa, wanda gidansa ke bayan naka, shi kake iya tsarewa.

Sai fari na 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta bi baya, arzikin gyaɗa ya durƙushe. Hankalin gwamnati ya koma ga ƙarfen uraniyom na Arlit, motocin da ke cika tashoshinmu a kaka suka ragu. Mutane kuwa suka ci gaba da ƙaruwa: ƙidayar 2012 ta sami kusan mutum dubu 400 a gundumar Kance, gonaki sun tsuke, gado ana raba shi har ya koma taki kaɗan.

Kowa a nan ya san abin da ya biyo baya. A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu biyu ne suka lalace bayan sun bar Arlit za su Tamanraset, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu 'yan ƙasar Kance ne. Gwamnati ta sa aka yi makoki na kwana 3. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ba mu ce kujerar kansila za ta hana talauci ba, gama abin da ya kore su daga gida ya fi ƙarfin majalisar gari. Amma tafiyar nan a tashoshinmu take farawa. Kuma macen da kabejinta da tumatirinta suka kai kasuwa da daraja, ba su ruɓe a bakin fadama suna jiran mota ba, ba ta da dalilin ɗaukar 'ya'yanta ta nufi hamada. Duk ɗan takarar da zai yi maganar sufuri a ƙasar Kance bai ambaci mutanen nan 92 ba, bai san inda yake tsaye ba.

ƘOFAR KUDU DA DOGON DAURA

Hanyar da ta taso daga Takeita ta ratsa Kance da Matamaye ta kai Ɗan Barto, ta tsallaka Kwangwalam ta shiga Daura, ita ce jijiyar wuyanmu. Mun ga abin da ke faruwa in aka shaƙe ta. Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agusta 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Sau biyu cikin shekara 5 wake da dabbobi suka rasa mai saye, kayan kanti suka yi tsada, samari suka koma bin hanyoyin daji a kan babur. Ba kansila ke rufe iyaka ba, ba kuma shi ke buɗe ta ba. Amma majalisar jiha tana da baki, tana iya ƙirga asarar mutanenta ta kai gaban hukuma a rubuce.

Ga kuma wata magana da ya kamata kowane reshe ya sa a ransa. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wajen kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Dogon bai biyo ta Damagaram ba. Amma ku dubi taswira: duk ranar da jirgi ya fara tsayawa a Daura, babu garin kasuwa a jiharmu da zai fi Matamaye da Ɗan Barto dacewa da shi. Kayan Damagaram da ke neman jirgi ta ƙofarmu za su bi. In hanyar tana da kyau, tasha tana da fili da rumbuna da tsari, abincin 'ya'yanmu ne. In ba a shirya ba, manyan motoci za su wuce mu da ƙura, ribar ta sauka wani wuri. Ba kuma za mu yi rawa tun ba a kaɗa ganga ba: mun ga dogon Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, da aka fara a 2014 aka yi bikinsa a Janairu 2016, shekaru suka wuce bai ɗauki buhun kowa ba. Saboda haka muna son wakilin da zai bi maganar da ido biyu, ba da tafi ba.

TAMBAYOYIN DA ZA A YI WA ƊAN TAKARA

Duk wanda ya zo neman goyon bayan reshe don kujerar gari ko ta jiha, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a girmama shi. Sa'an nan a yi masa tambayoyin nan a gaban jama'a, sakatare yana rubuta amsa.

1. Malam, nawa ne kuɗin mota yau daga nan zuwa Damagaram, da Magarya, da Ɗan Barto, na mutum da na buhu? Wanda bai san wannan ba, bai shiga motar haya ba tun da daɗewa, ba kuwa zai ji zafin abin da bai taɓa shi ba.

2. Kuɗin da ake karɓa a tasha da kasuwa, nawa ke shiga asusun gari a wata, ina kuma yake tafiya? Ka yarda a riƙa liƙa lissafin a ƙofar tasha, a karanta shi da Hausa ranar kasuwa?

3. Cikin hanyoyin ƙauyuka da damina ke yankewa, wacce za ka fara sa a gyara, wacce ta biyu, don me? Wanda ya ce duka zai gyara a shekara ɗaya, a gode masa a sallame shi. Kuɗin gari ba su kai ba, shi ma ya sani.

4. Shinge nawa ne tsakanin garinka da kasuwa mafi kusa? Wanne doka ta kafa, wanne ba ta kafa ba? Za ka iya faɗin wannan a zauren majalisa da sunanka?

5. Mai naƙuda ko wanda maciji ya sara a ƙauyen da mota ba ta shiga, wace dabara ka tanadar masa, wa zai biya mai?

6. Kana da mota a tasha, ko ɗan'uwanka, ko wanda ya ɗauki nauyin takararka? In akwai, faɗi yanzu. Samun mota ba laifi ba ne, ɓoyewa ce laifi.

7. In ka ci, sau nawa a shekara za ka komo nan, a kan tabarmar nan, ka ba mu labarin abin da aka yi?

Wani zai ce a ba direba ko mai mota kujerar kawai, tun da su suka san hanya. Lalle sun san ta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba za a yi tsarin tasha ba da su ba. Direbobi 'yan'uwanmu ne, su ma shinge da rami suna cin su, tarihin 1957 kuwa ya nuna abin da suke iyawa. Amma ranar da aka zo yanke kuɗin mota, mai karɓa da mai biya ba buƙatarsu ɗaya ba. Wakili na gari shi ne wanda zai zaunar da ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho gefe guda, manoma da 'yan kasuwa gefe guda, a fito da farashin mai da na taya a fili, a yanke abin da kowa zai iya ɗauka. In direba ne ya iya wannan, muna bayansa. In tela ne, muna bayansa.

Kada kuma a manta da mata. Su ne suka fi cika motar kasuwa, su ake ɗora wa kuɗin kaya yadda aka ga dama, su ne kuma suka fi yawa cikin manyan da hamada ta ci. Dokar da aka gyara a 2019 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe. Kada reshe ya cike gurbin nan da sunan matar wani babba don a cika ƙa'ida. A nemi macen da ke hawa mota da kayanta kowane mako, wadda ta san ɗan kamasho da sunansa, wadda ba ta jin nauyin magana a taro.

ABIN DA BA MU YARDA DA SHI BA

Mun san yadda ake yi in zaɓe ya matso. Sabulu da gishiri da turmin zane za su fito, a ɗauki hayar motoci a kwaso mutane daga nesa don fili ya cika, maroƙa su wasa mai kuɗi. Ba mu zargi talakan da ya karɓa ba, yunwa ba ta da kunya. Amma a gaya masa gaskiya: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya kashe dukiya ya sayi kujera, a kuɗin tasha zai fanshe, sabulun kwana uku kuwa za a biya shi shekara 5 a kuɗin mota. Kuma ba mu yarda a nemi ƙuri'a da zagin asalin wani ba, ko garinsu, ko sana'ar ubansa. Bahaushe da Bafillace da Buzu da Babarbare mota ɗaya suke shiga, rami ɗaya ke jijjiga su.

AIKIN RASSA DAGA YAU

Aikin da muke roƙonku ba ya bukatar akwati, ba ya bukatar kuɗi, bai kuma saɓa wa doka ba. Kowane reshe ya sayi littafi guda na 'yan makaranta. A sami mai rubutu ɗaya, malamin makaranta ko ɗalibi ko almajirin da ya iya ajami, duk ɗaya ne. Kowace ranar kasuwa a rubuta kuɗin mota na mutum da na buhu zuwa garuruwa uku mafi kusa, da farashin litar mai a ranar. A rubuta duk wurin da ruwa ya yanke hanya, da ranar da ya yanke, da kwana nawa aka yi mota ba ta wuce ba. A rubuta haɗarin da ya auku da inda ya auku. Abin da aka gani da ido kaɗai za a rubuta, ban da ji-ta-ji-ta, ban da sunan kowa.

Mu da ke koyarwa a aji mun san amfanin rajista: yaron da ba a rubuta sunansa ba, ranar rabon littafi ba shi da rabo. Haka hanya take. In shekara ta zagayo, garuruwa tara na gundumar nan suka haɗa littattafansu, za mu riƙe abin da babu ofishin da ke da irinsa. Da shi za a je wurin mai riƙon gari da ladabi a ce, ranka ya daɗe, ga inda ya fi ciwo, gama gyaran kwalbati ba ya jiran zaɓe. Da shi kuma za a auna ɗan takara in ranar ta zo. Wanda ya yi shekara yana riƙe da littafin nan, yana zaga tasha ana ganinsa, watakila ma shi ne ɗan takarar da muke nema, ba mu sani ba yana cikinmu.

Ba mu ce a tare hanya ba, ba mu ce a zagi ma'aikaci ba. Da yawa cikinsu 'ya'yan talakawa ne irinmu. Abin da muke nema shi ne kujerar da ke yanke maganar hanya da tasha ta komo hannun wanda muka zaɓa, wanda za mu iya tambaya, wanda za mu iya saukewa in ya gaza. Kakanninmu sun ɗauki marmara a ka ba a tambaye su ba. Iyayenmu sun sami ƙuri'a a 1957, aka karɓe musu amfaninta kafin shekara 3 ta cika. In tamu damar ta zo, kada ta same mu hannu sake.

A karanta wannan takarda a taron reshe, a karanta wa waɗanda ba su iya boko ba, sa'an nan a miƙa ta ga reshe na gaba ta hannun direban da aka amince da shi. Amsoshinku da lissafin watan farko muna jiransu kafin fitowa ta gaba.

Allah ya kiyaye matafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya ba talaka sawaba. Amin. Wasalam.